Kuɗin Kujerar Anahí

Goya, 23 ga Maris, 1997

Eusebio ƙanena,

Gaisuwa mai yawa daga yayarka, wadda ka manta da ita tun da ka ga teku. Ina fata kana lafiya, kuma tarin nan ya sake ka. Mu nan ƙalau muke, in ban da gwiwata da ta zama mai duba, tana gaya mini ruwa zai sauko tun kafin rediyo ya faɗa. 'Yarka Anahí ta shiga aji biyar, ta kusa kamo ni a tsawo, ko da yake wannan ba wani abin fahariya ba ne.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bana makarantarsu ta koma ta wuni, sai ƙarfe huɗu ake tashi. Sun ba wani ɗan kwangila ɗakin cin abinci, wani mai tumbi ana ce masa Fleitas. Abincinsa yau taliya, gobe burodi, jibi naman da aka birkiɗa a garin burodi. Ko'ina ka juya alkama. Kai ka san abin da alkama take yi wa yarinyar nan, tunda kai ka riƙe ta a asibiti kafin likita ya gano. Shi ya sa kullum nake dafa mata nata, in zuba a kwanon nan mai murfi, shinkafa da nama ko rogo, da chipá biyu na garin rogo da cuku.

Kawai sai ga takarda manne a littafin saƙonninta. Wai duk yaron da ya zo da abincinsa daga gida, iyayensa za su biya peso goma sha biyar kowane wata. Na ce kuɗin me? Wai kuɗin kujera da tebur da goge teburin. Eusebio, ka ji fa! Shinkafata, rogona, gumina, sannan in biya don yarinya ta samu inda za ta ɗora ɗuwawunta.

Na biya na Maris, kada ka ce ban yi haƙuri ba. Amma sai na ga kwanon yana dawowa yadda na rufe shi. Kwana biyar a jere. Na tsare ta a bakin famfo na ce, "Ke, girkina ne ya lalace ko bakinki?" Ta yi ta murza gefen rigarta, can ta ce, "Goggo, kusa da bokitin ragowa ake zaunar da mu. Sai kowa ya gama. Suna ce mana 'yan kwano." Ko ƙawarta Luján ba a bari ta zauna kusa da ita. Wallahi sai da na dafa bango, don zuciyata ta yi zafi.

Washegari na ɗaura gyale na tafi wurin shugabar makarantar, Señora Ojeda. Ta ba ni kujera, na tambaye ta ko ita ma sai na biya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce tsari ne, ɗan kwangila yana da nasa sharaɗin. Na ce yarinyar ba ƙin abincinsa ta yi ba, kashe ta zai yi. Sai ta cire tabarau ta ce a hankali, "Doña Nélida, kada mu manta Anahí ba ta biyan kuɗin makaranta. A watan Yuli kwamiti zai zauna ya duba masu gurbin kyauta, kuma yana duba halin iyaye ma."

Na tashi na fito lami lafiya, abin da ba ka taɓa gani ba. Amma ka sani na Afrilu kam ba zan biya ba. Ka sa rigar ulun da na saƙa maka, ba don ado na yi ta ba.

Yayarka,
Nélida

*

Puerto Deseado, 12 ga Afrilu, 1997

Yaya,

Na gaishe ki da kyau, na gaida Anahí, ki shafa mini kanta. Tari ya yi sauƙi. Jiya muka shigo tashar, jirgi cike da jatan lande har ba ya son motsi. Mutum ashirin da takwas nake dafa wa, kuma babu wanda ya taɓa cewa na gode, sai dai "Kuku, ƙara." Rigar tana jikina, hannun hagu ya fi na dama tsawo, amma ban ce komai ba.

Wasiƙarki na karanta sau uku. Batun bokitin ragowa ya hana ni cin abincin rana. Amma Yaya, don girman Allah ki biya. Na san ki. Ke ce kika bi mai awon kananzir da muciya har bakin ofishin 'yan sanda muna yara. Wannan ba mai kananzir ba ce. Matar nan alƙalami ɗaya za ta ja, yarinya ta rasa gurbinta. Kin san yadda marigayiya Ofelia, uwar Anahí, ta ƙwallafa rai a kan makarantar nan, kin kuma san Anahí da kanta ta ci jarrabawar, cikin yara sittin. Ni ba na iya biya mata irin wannan makarantar ko da zan dafa wa duk jiragen Patagonia.

Ki lallaɓa su canja mata wurin zama, da baki mai daɗi, in kina da shi a ajiye. Kujera ce kawai, Yaya. Kada mu sayar da karatunta a kan kujera.

Ranar Talata za mu koma ruwa, sati biyar. Ki rubuto ta ofishin kamfani kamar kullum, zan tarar.

Ƙaninki,
Eusebio

*

Goya, 27 ga Afrilu, 1997

Eusebio,

Ina gaishe ka, ina kuma gaida hannun rigar da ya yi tsawo, naka ne ya gajarce. Muna lafiya. Anahí tana cinye abincinta tas, har tana lashe murfi. Bari ka ji dalili, amma ka zauna tukuna.

Bakin mai daɗi na gwada, sau biyu. Aka ce wurin zama ba ya canjawa, kuma tunda ban biya ba, ko teburin bokitin ma ta rasa, sai benci a baranda. Na dawo gida na ɗauko littafin dokokin makarantar, wanda suke raba wa kowa amma ba mai karantawa. Da shi nake danne ƙofar kicin. A shafi na tara na samu abin da nake nema: kowane yaro ana iya fita da shi lokacin cin abinci, in dai babban da aka ba izini ya zo da katin shaidarsa, ya sa hannu a littafin fita, ya sake sa hannu in ya dawo da shi. Ba su faɗi nisan da za a kai shi ba.

Ka tuna Doña Eulogia, wadda gidanta ke kallon ƙofar makarantar, mai fito da kujera bakin titi tana shan shayin mate tana ƙirga aibin masu wucewa? Na je na gaya mata komai. Ta ce, "Kujera suke sayarwa? Ni ina da takwas, kuma gaban gidana nawa ne." Ranar Litinin ƙarfe goma sha biyu na je na nuna kati, na sa hannu, na riƙo hannun Anahí muka tsallaka titi, taku goma sha huɗu. Tebur a ƙarƙashin mangwaro, da ƙyalle mai fure, har da kofin gilashi. Yarinyar nan ta zauna tana sunne kai, amma ta ci.

Ranar Laraba muka zama uwa huɗu. Yau da nake rubuta maka mu goma sha tara ne, da kakanni da goggonni. Kowa na zuwa da kwanon ɗansa, ni kuma nakan ɗora babbar tukunya a gefe saboda wanda nasa bai isa ba. Abin dariyar, yaran da ke cin abincin Fleitas suna jin ƙanshin chipá ta taga, sun fara damun iyayensu a zo a fito da su. Uwar Luján, matar mai kantin magani guda, jiya ta zo da takalmi mai tsini ta bi layi.

Layin kuwa shi ne daɗin abin. Littafi ɗaya ne, biro ɗaya, sakatariya ɗaya, wata baiwar Allah Griselda. Dole ta duba kowane kati, ta rubuta lamba, fita da shiga. Tausayinta nake ji, amma ba ni na rubuta dokar ba.

Wani ɗan jarida ya zo ya ɗauki hoto, in ka ga an ce yayarka ta shiga jarida kada ka suma. Na san tsoron da kake ji game da Yuli, ni ma ina ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban taka doka ko ɗaya ba, kuma 'yarka ta daina tafiya tana kallon ƙasa.

Yayarka,
Nélida

*

Puerto Deseado, 19 ga Mayu, 1997

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina lafiya, jikina dai. Ina fata ku ma haka, ko da yake abin da na gani bai nuna haka ba.

Mun shigo shekaranjiya. Na je ofis, aka ce ba ni da wasiƙa. Sati biyar, ko layi ɗaya. Na ce wataƙila gwiwar ce. Sai da rana muna zaune a tebur, Toledo mutumin garinmu ya buɗe ƙunshin ganyen mate da matarsa ta aiko masa, naɗe a jarida. Ya miƙe takardar zai yar, sai ya tsaya. Ya ce, "Kuku, wannan ba 'yarka ba ce?"

Ita ce. Anahí a bakin titi, da cokali a hannu, ga tukunya a kan wuta, ga ki tsaye da ludayi, ga mata sun yi layi. Rubutun ƙasa ya yage, abin da ya rage kawai shi ne yara suna cin abinci a titi. Wani ya dafa kafaɗata ya ce in akwai matsala a gida in faɗa, 'yan'uwa ne. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Yaya, ni da ke mun san ma'anar tukunya a titi. Shekarar ambaliya ke kika riƙe hannuna a layin coci, da gwangwanin madara a hannunmu, yaran unguwar sama suna nuna mu. Ranar da aka haifi Anahí na rantse ba za ta taɓa tsayawa a irin wannan layin ba. Don haka nake nan ina daskarewa. In abin da nake aikowa ba ya isa, me ya hana ki faɗa? Ko korar ta suka yi daga ɗakin saboda taurin kanki, kika ɓoye mini?

Ban jira amsarki ba, don gobe za mu sake fita, sati huɗu. Na rubuta wa Señora Ojeda da hannuna. Na ba ta haƙuri, na ce zan biya duk abin da ake biya, na kuma roƙe ta kada a sake barin kowa ya fita da 'yata da rana, ko waye. Ni ne ubanta. Ki yi fushi in kin ga dama.

Eusebio

*

Goya, 1 ga Yuni, 1997

Eusebio,

Gaisuwa, tunda uwarmu ta koya mana ba a fara magana sai da ita. Lafiyarmu ƙalau. Babu mai jin yunwa a gidan nan, ba a taɓa yi ba, kaji ma sun fi ka ƙiba.

Kai amma ka cika sakarai! Na rubuta maka wasiƙa shafi uku ranar 27 ga Afrilu, na bayyana maka komai dalla-dalla. In ba ta iso ba, ka je ka kama wuyan mutumin ofishinku, ba nawa ba. Ka ga rabin hoto a takardar ƙunshin ganye, ka yanke hukunci daga nisan kilomita dubu biyu. Layin da ka gani ba na bara ba ne, na sa hannu ne. Tukunyar tawa ce, naman na saya, matar da ke bayana a hoton mijinta ne mai kantin magani. Teburin nan mu muka kafa shi, da gangan, da ranar Allah, don su gani.

Yanzu ji abin da ka jawo. Ranar Alhamis Señora Ojeda ta kira taron iyaye. Mun cika ɗakin, mu arba'in da wani abu, ina gaba. Ta bari na gama zuba, sannan ta buɗe jaka ta zaro wasiƙarka. Na gane rubutunka tun daga nesa, wannan mai kama da tafiyar kaza. Ta karanta da ƙarfi, a hankali, har da inda ka ce yayata mace ce mai zuciya, a yi mata uzuri. Ta ninke ta ce, "Uban yarinyar ke nan. Ban san da yawun wa Doña Nélida take magana ba." Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Tun rasuwar Ofelia ban yi kuka a gaban mutane ba, ranar ma ban yi ba, sai da na kai bayan gidan Eulogia.

An soke sunana daga takardar izini. Yanzu kullum da rana yara suna fitowa su tsallaka titi, Anahí tana ciki ita kaɗai a teburin bokiti, tunda ubanta ya ce zai biya. Ita da aka fara abin dominta. Jiya na hango ta ta ƙarfen ƙofa, Luján tana miƙa mata chipá. Mata goma sun janye, sun ce in uban ma ya sallama su wane ne. Shugabar kuma ta aiko mini cewa in na rufe teburin kafin Yuli, za ta manta da komai a gaban kwamiti. In ban rufe ba, ta ce ba ta yi alkawari ba.

Ban rufe ba. Amma ba zan iya fito da ita ba sai da sabuwar takardar izini daga gare ka, da sa hannunka da hatimin 'yan sanda. Anahí ta ce in tambaye ka abu ɗaya, ga shi yadda ta faɗa: "Baba kunyata yake ji, ko kunyar kwanon?" Ni ban ba ta amsa ba, kai za ka ba ta.

Nélida

*

Puerto Deseado, 18 ga Yuni, 1997

Yayata,

Ina durƙushe nake gaishe ki. Ina fata gwiwa da sauƙi da wannan sanyin. Ni lafiyata lau, sai kunya da ta ishe ni.

Yau da safe muka shigo. Na samu wasiƙarki ta Yuni, na karanta a tsaye a gaban kantar ofis. Na ce wa mutumin ofis ya buɗe mini kowace durowa. Ya ce ba a yi. Na ce to ni ma yau ba a girki. Aka samo wasiƙarki ta Afrilu a akwatin saƙon wani jirgin daban, wanda ya tafi gyara tun Afrilu. Na zauna a kan buhun gishiri na karanta shafi ukun nan. Na yi dariya a wurin taku goma sha huɗu, daga nan kuma na kasa ganin rubutun.

Jirgi sauke kaya kawai ya zo yi, ƙarfe uku zai juya. Na bar albasa a kan katako na ruga ofishin 'yan sanda da rigar girki a jikina. Mai hatimin ya tafi cin abinci. Na tambayi gidansa, na same shi da cokali a baki. Ya ce, "Malam, gobara ce?" Na ce ta fi gobara, 'yata ce take cin abinci ita kaɗai. Ya dube ni, ya ajiye cokalin, ya ɗauko hularsa. Kyaftin ya yi ta busa ƙaho har gari ya ɗauka yaƙi ne, amma bai tafi ba, don ba wanda ya iya dafa ko ruwan zafi a cikinsu.

Ga takardar nan a ciki. Na sa sunanki, da na Doña Eulogia, da na uwar Luján, don in sun soke ɗaya biyu su rage. Ga kuma wata zuwa ga Señora Ojeda, a buɗe na bar ta ki karanta. Na ce mata na janye wasiƙata ta farko, kuma tunda tana son karanta wasiƙuna a gaban jama'a, ta karanta wannan ma. Na ce ni kuku ne, mutum ashirin da takwas nake ciyarwa a kan ruwa, akwai mai ciwon suga da ke zuwa da nasa, kuma a tsakiyarmu yake zama.

Har yanzu ina tsoron Yuli, Yaya. Amma ki ci gaba.

Ki gaya wa Anahí: 'yata, ban taɓa jin kunyarki ba ko na minti ɗaya. Tsohuwar yunwata na gani a hoton, ba ke ba. Ki yafe wa babanki.

Ƙaninki sakarai,
Eusebio

*

Goya, 6 ga Yuli, 1997

Eusebio ƙanena, ɗan uwata,

Gaisuwa da babbar murya, har ta kai ka inda kake. Muna lafiya, gwiwa ma yau ta yi hutu. Na yafe maka, amma zan riƙa tuna maka duk Kirsimeti.

Mun ci, Eusebio! Mun ci!

Takardarka ta iso ranar Juma'a. Kafin Litinin duk unguwa ta ji, don na ba Eulogia wasiƙar da ka rubuta wa shugabar ta gani, kuma ka san gaya wa Eulogia ya fi sa shela a rediyo. Matan da suka janye suka dawo, kowace da ƙawarta. Ranar Litinin ana yayyafi, sanyi kamar ya cire kunne, amma layi ya kai har kwanar gidan burodi. Yara tamanin da uku. Ni ce a gaba. Na ajiye takardar a gaban Griselda, ta duba hatimin, ta ɗago ta dube ni, ta juyo mini da littafin. Da Anahí ta fito ƙofa yaran nan suka hau buga cokula a kan kwanuka, har karnukan unguwa suka taya su. Na riƙe hannunta muka tsallaka, ban san lokacin da na yi guɗa ba.

Fleitas ya dafa wa mutum ɗari da ashirin, talatin suka ci. Ya fito bakin ƙofa yana kumfar baki wai za mu kashe masa sana'a. Eulogia ta ce, "Zo ka ɗanɗana rogo, ɗana, ko ka koyi wani abu."

Amma ba mu muka gama da su ba, Griselda ce. Da ta sallami yaro na ƙarshe, sai muka ga ta rufe littafi, ta ɗauko wani ɗan kwano daga ƙarƙashin teburinta, ta fito, ta tsallako titi. Ashe ita ma 'yar kwano ce. Ta tsaya a gaban Eulogia ta ce, "Doña, kujera nawa ce?" Eulogia ta ce, "Zauna, 'yar nan, namu ba sa cin kuɗi." Sai ga Señora Ojeda a bakin ƙofa da lema, tana kira, "Griselda, koma bakin aikinki!" Yarinyar nan ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "Señora, lokacin cin abincina ne, awa ɗaya, yana cikin takardar aikina. Wata biyu ke nan ban ci ba. Gobe ma haka zan yi."

Aka kaɗa ƙararrawa, ga yara tamanin da uku a waje, kuma doka ta ce ba mai shiga sai an sa hannu. Wa zai riƙe littafi? Señora Ojeda da kanta ta zauna. Kowace mace ta miƙa kati, ta duba, ta rubuta lamba. Da layi ya zo kaina na miƙa mata nawa da wasiƙarka a kai, na ce, "Daga uban yarinyar." Ba a fara darasin yamma ba sai uku saura. Talata haka, Laraba haka, har ta naɗe yatsa da filasta. Iyayen da ba ruwansu da kwano suka fara zuwa tambayar abin da ya sa 'ya'yansu ba sa karatu.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna, aka kira ni. Ba zan yi maka ƙarya ba, har na hango yarinyar nan tana kwashe littattafanta saboda ni. Shugaban kwamitin, wani tsohon likitan dabbobi, ya sa aka karanta wasiƙarka ta biyu tunda an karanta ta farko. Ya tambayi shugabar dokar da na taka. Babu ko ɗaya. Ya buɗe sakamakon Anahí, ya ga ita ce ta biyu a aji, ya ce shi bai ga abin tattaunawa ba. An soke kuɗin kujera ga kowa. An fitar da teburin bokiti, kowa ya zauna inda yake so. Gurbin 'yarka yana nan daram, an sa hannu har ƙarshen firamare, takardar tana cikin akwatina.

Na fito na tarar da mata a waje cikin sanyi suna jira. Na so in yi musu jawabi, wallahi na shirya shi tun a gida, amma da na buɗe baki sai kuka. Eulogia ta cusa mini ƙoƙon mate a hannu ta ce in sha in daina ba su kunya.

Ga 'yarka tana ƙwace biron, na bar maka ita.

Yayarka,
Nélida

Baba, ina gaishe ka, ya sanyi? Na yafe maka tuntuni. Ranar Juma'a na ci abinci a ciki, ni da Luján, a teburin da ke jikin taga. Na cinye duka. Baba, ashe daga tagar nan ana ganin kogi, ban taɓa sani ba. Wani jirgi ya wuce muna cikin ci. Na san ba naku ba ne, naku yana teku, amma na tashi tsaye na ɗaga masa cokali, kuma ba wanda ya ce in zauna.

'Yarka,
Anahí